Sana'ar Ƙulla Waƙa: Aikin da Ke Bayan Kalangu da Kotso

Da wuya a zauna hirar makaɗan Hausa a tashi ba a ji wani ya ce ai Mamman Shata aljanu ke ba shi waƙa ba. Hujjar masu faɗar haka ita ce ba a san shi da zama ya shirya ba. Za a raɗa masa sunan mai biki da na mahaifinsa da garinsu, makaɗa su saki kiɗa, kafin a farga waƙa ta miƙe, 'yan amshi sun cafe, mata sun fara guɗa. Waɗanda ba su son zancen aljanu sukan taƙaita su ce baiwa ce daga Allah. Baiwa kam akwai ta, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai in aka tsaya a nan an tauye wa makaɗan haƙƙi, domin an binne shekarun da suka yi suna koyo, da ƙa'idojin da suke kiyayewa, da wahalar mutanen da ke tsaye a bayansu. Ƙulla waƙa sana'a ce mai kayan aiki da matakai. Ana koyonta, kuma mai kunne yakan bambance gwani da ɗan koyo tun ba a yi nisa ba.

Abu na farko da mai ƙulla waƙa yake fama da shi shi ne harshen da yake waƙar da shi. Hausa tana da karin sauti: kowace gaɓa ko a ɗaga murya a kanta, ko a sauke, ko a ɗaga sannan a faɗo. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ganyenta rubutunsu ɗaya, amma a ta farko murya na sama har ƙarshe, a ta biyu kuwa takan sauka a gaɓar ƙarshe. Bahaushe ba ya lissafin wannan in yana magana, kunnensa ke yi masa aikin. Mawaƙi kuwa zai ɗora rauji a kan kalmomin, wato hawa da saukar muryar waƙa, kuma in raujin ya hau a inda kalma ta sauka, mai sauraro zai ji wata ma'ana dabam, ko ya ji kamar baƙon harshe ne ke rerawa. Gwanaye sukan lanƙwasa kalma da gangan, musamman a ƙarshen layi, amma galibi raujin waƙar gargajiya yana bin sawun maganar baka ne.

Bayan karin sauti akwai tsawon gaɓa. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi ba abin da ya raba su sai jan gaɓar farko. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda ɗalibansa da abokan aikinsa ke kira Malam Takalmi, ya daɗe yana nazarin yadda mawaƙan Hausa ke zaunar da kalmomi a kan bugun kiɗa, ya kuma nuna cewa a tsarin karin waƙa doguwar gaɓa takan ci gurbin gajeru biyu. Ke nan kowane layi yana da gurabe ƙidayayyu, kuma dole kalmomin da za a zuba su cika su daidai. Sunan Bala da sunan Abdurrahmani ba su cin wuri ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa makaɗi ke tara wa ubangidansa sunaye barkatai: ɗan wane, jikan wane, na wane, uban wane, mijin wance, baya ga laƙabi da alkunya da kirarin sarauta. Yabo ne, ba shakka, ubangida kuma yana jin daɗinsa. Amma kuma kayan aiki ne. In gurbi gajere ne ya jefa gajeren suna, in mai faɗi ne ya ɗauko dogo, kiɗa bai tsaya jiransa ba.

A dubi kalangu da kyau a ga yadda aka yi shi domin wannan harshe. Ice ne aka fafe, bakinsa biyu masu faɗi, tsakiyarsa siririya. An rufe kowane baki da fata, sannan an haɗa fatun biyu da tsarkiya, igiyoyin fata da suka bi tsawon icen ta ko'ina. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya soke shi a hammata. In ya matse tsarkiya da damtsensa fata ta ɗame, amo ya yi sama. In ya sassauta amo ya sauko. Yana bugu da lanƙwasasshen makaɗi a hannu ɗaya, yatsun ɗaya hannun suna taɓa bakin fatar suna kashe amo ko su ƙawata shi. Da wannan matsi da saki kalangu ke bin hawa da saukar maganar Hausa har a ji abin da yake faɗa.

Daga nan take ya samo asali. Ɗan dambe na can bayan taro, da ya ji an kaɗa takensa sai tsuma ta kama shi, alhali ba wanda ya buɗe baki ya ambaci sunansa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi suna ne a wannan fage, shi da gwarzonsa Shago. Kowane rukunin jama'a kuma da abin kiɗansa: kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba da 'yan bori, gangar noma ta manoma ranar gayya, kotso da taushi da jauje na fada. David Ames da Anthony King sun tattara irin waɗannan bayanai a littafin da suka fitar a 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa. Ma'anar wannan ga mai ƙulla waƙa ita ce, tun kafin ya furta kalma, abin kiɗan da ke hannunsa ya riga ya faɗa masa wa zai yi wa waƙa da irin maganar da ta dace.

Sai kuma gindin waƙa, wanda a nan ne aikin yake tashi ko ya faɗi. Gindi shi ne ɗan gajeren zancen da 'yan amshi ke maimaitawa, layi ɗaya ko biyu, wani lokaci uku. Gajartarsa kan sa a raina shi, alhali a cikinsa aka dunƙule komai: sunan wanda ake wa waƙa ko kirarinsa, manufar waƙar, raujinta, da bugun da makaɗa za su riƙe har a gama. Shi mutane ke tafiya da shi gida, da shi kuma suke kiran waƙar in suna son a sake ta. A kan gindi ake jera ɗiyan waƙa, kowane ɗa da ɗan saƙonsa: wannan yabo, wancan tarihi, na gaba roƙo, na bayansa habaici. Ana iya sauya musu wuri, a ƙara sabo, a jefar da tsoho, waƙa tana nan yadda take muddin gindi bai motsa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗan baka na Hausa, ya kira babbar manufar waƙa turke, ƙananan saƙonnin da ake gina ta da su kuma tubalai, kuma da waɗannan kalmomi ɗalibai ke nazarin waƙar baka a jami'o'i yau.

Hanyoyin samar da ɗiyan nan biyu ne. Akwai masu shiri, akwai masu ƙire, wato ƙirƙira nan take. Makaɗan fada su ne uwayen shiri.

Makaɗin sarki ba ya wasa da bincike. Kafin ya haɗa waƙar hawan salla ko ta naɗi, sai ya san salsalar ubangidansa kaka da kakanni, wa ya haifi wa, wa ya yi sarauta bayan wa, wane yaƙi aka ci a zamanin wane, waɗanne garuruwa ke ƙarƙashinsa. Sai ya san fadawan da suke da faɗa a ji da waɗanda tauraronsu ya dusashe. Sai kuma ya san 'yan uwan sarki da suka nemi gadon suka rasa, domin su ne abincin zambo. Kuskure ɗaya a jerin kakanni, a gaban dattawan da suka san gidan ciki da bai, ya isa ya zubar wa makaɗi da mutuncin shekaru. Saboda haka makaɗin fada ma'ajin tarihi ne, kuma masu binciken tarihin masarautu har yau suna komawa ga waƙoƙinsu.

In kayan sun taru sai a keɓe. Jagora ya tara yaransa a gidansa da dare ko a wani wuri da ba jama'a, ya kawo gindin da ya daɗe yana juyawa a ransa. A rera, a sake, a sake, har ya zauna a bakin kowa, masu kotso su lalubo bugun da ya hau shi. Kotso baki ɗaya gare shi, ƙasansa a buɗe, ana liƙa nake a tsakiyar fatarsa don amo ya yi zurfi, kuma da yatsu ake kaɗa shi, saboda haka ba ya danne murya. A ƙungiyoyin fada da yawa masu kiɗan su ne masu amshin, hannu na aiki baki na aiki. Daga nan a shiga ɗiya ɗaya bayan ɗaya. A nan ake yanke inda jagora zai tsaya, da inda yara za su karɓa, da kalmar da ta yi nauyi a baki a musanya ta. Ɗan amshin da ya ga gyara yana iya kawowa, musamman daudun kiɗa, mataimakin jagora. Babu takarda babu alƙalami. Abin da aka ƙulla daren jiya, da safe sai a ji ko ya kwana a kan kowa.

Wanda ke son jin sakamakon irin wannan zama ya saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Gado ya yi daga mahaifinsa Usman Ɗankwande, ya kuma yi shekaru a bayan yayansa Kurna yana amshi kafin ya ja tasa ƙungiyar, har ya kai ga yi wa Sardauna Ahmadu Bello da manyan sarakunan Arewa waƙa. A waƙoƙinsa jagora yakan ɗauko layi ya sake shi a tsakiya, yara su ƙarasa kamar baki ɗaya ne ya faɗa. Wani wuri su rabu, waɗannan su jefa wa waɗancan, su dawo su haɗu a kan gindi daidai da faɗuwar kotso. Manazarta na kiran irin wannan ƙari da karɓeɓeniya. Ba yadda za a yi mutum biyar ko shida su ƙarasa zance guda da murya guda ba tare da sun san shi tun farko ba. Duk inda aka ji wannan santsi, to an yi dare ana gumi a kansa.

Ibrahim Narambaɗa Tubali, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ƙarfinsa na wani wuri dabam. Shi gwanin zana hoto ne da kalmomi. In ya siffanta doki sai an ga ƙura, in ya kwatanta sarki da wani babban abu na daji ko na ruwa sai an ji nauyinsa. A zambo kuma ya nuna iyakar wayon sana'ar. Dokar zambo ita ce ba a kama suna. Za a ɗauko tafiyar mutum, ko gemunsa, ko rowarsa, ko yadda ya yi zaman jiran sarautar da ba ta zo ba, a jera su yadda kowa a fada zai gane wanda ake nufi, shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara, domin in ya yi magana ya amsa ke nan. Auna wannan tazara, kusa har a gane, nesa har a tsira, aiki ne na mai hankali a kwance. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi guda a kan Narambaɗa wanda ya fito a 2009. Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Sa'idu Faru da Aliyu Ɗandawo duk mutanen yammacin ƙasar Hausa ne, abin da ya sa har yau in mawaƙin Kano zai yi waƙar sarauta sai a ji harshensa ya karkata zuwa Sakkwatanci ko Zamfarci.

To ina Shata a wannan lissafi? An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, kuma bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa ma bai so ba. Ya yi tallan goro da alewa, ya yi waƙa a dandali cikin samari, a nan ya goge kafin duniya ta san shi. Dandali makaranta ce mai tsanani: wanda ya yi jinkirin mayar da magana an wuce shi, wanda ya maimaita abin jiya an yi masa dariya.

Sirrin masu ƙire ya fara bayyana ga manazarta ne daga wata ƙasa mai nisa. A shekarun 1930 wasu manazarta biyu daga Jami'ar Harbad, Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord, sun je tsohuwar Yugoslabiya suka ɗauki muryoyin mawaƙan karkara masu rera dogayen labaran jarumai da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa, ɗan uwan gogenmu. Sun lura mawaƙi ɗaya ba ya rera labari ɗaya iri ɗaya sau biyu, ko da ya rantse bai canja komai ba. Abin da ya haddace shi ne tarin guntayen zantuka da aka riga aka auna su da karin waƙa, da jerin batutuwan da ya san yadda ake shiga da fita cikinsu. Lord ya fitar da littafi a kan haka a 1960. Dandatti Abdulƙadir ya bi Shata ya nazarci yadda yake aiki, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975, ya kuma gwada wannan fahimta a kan waƙoƙinsa.

Shata kamar magini ne da ya buga tubalinsa tun rani ya shanya, ranar gini ɗorawa kawai yake yi. Yana da hanyoyin buɗe waƙa da ambaton Allah, da hanyoyin kiran mutum ta wajen iyayensa da matansa da yaransa, da jerin garuruwan da ya taka, da lissafin kyautar da aka yi masa, da 'yar maganar da yakan juya ya yi wa makaɗansa. Tsarin ƙungiyarsa ma an yi shi ne domin wannan aiki. Amshinsa gajere ne, kuma yaransa ba sa ƙarasa masa zance, gindi kawai suke riƙewa. Daƙiƙun da suke ɗauka suna amsawa su ne lokacin da yake auna layi na gaba. In yana son ƙarin lokaci sai ya bar kalangu ya yi ta magana, shi yana takawa yana duban taro, maroƙi na kusa yana sanar da wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta. Sabon abin da ke faruwa a wurin shi ne zaɓi: wane tubali, a wane gurbi, ga wane mutum, da wace sabuwar magana da idonsa ya gano a taron yanzu-yanzu. Duk wanda ya saurari ɗauka biyu ko uku na waƙarsa ta Bakandamiya zai ji gindi ɗaya, amma ɗiyan sun sha bamban a yawa da jeri. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.

Masoyansa ba su cika son a faɗa ba, amma ƙire na da tsadarsa. Cikin ɗimbin waƙoƙin Shata akwai waɗanda suna ne kawai da godiya aka yi ta juyawa, an yi su don daren da aka yi su, sun kuma biya buƙatar daren. Manyan waƙoƙinsa su ne waɗanda ya yi ta rerawa shekara da shekaru, kowane taro ya ƙara abu ya zubar da abu. Gyaran da Ɗanƙwairo ke yi a ɗaki da yaransa, Shata a gaban jama'a yake yin sa.

Ɗanmaraya Jos, Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukur a 1946 ya rasu a 2015, ya ɗauki hanya mafi kaɗaici. Kuntiginsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, aka soka masa siririyar sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya. Ba ɗan amshi, ba makaɗi, ba maroƙi. Kuntigin ne ke riƙe masa wuri in ya tsaya numfashi. Da yake ba shi da ubangida guda da zai yi ta jera wa kakanni, sai ya juya ga karen mota da ma'aurata da magulmata, ya gina waƙoƙinsa kamar labari. Yakan sauya murya ya zama miji, ya sauya ya zama mata, ya dawo ya zama mai yanke hukunci, duk a kan amo ɗaya da bai canja ba. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, akasin haka ta yi. Kiɗan amada na ƙwarya ne, wata a kife a ƙasa wata a kife cikin ruwa, kuma a gidan biki duk matan da ke wurin 'yan amshi ne. Dole gindin waƙarta ya zama wanda mace za ta ji sau ɗaya ta kama, ya kuma faɗi abin da ke ranta game da kishiya ko sana'a ko haihuwa.

A Turai sana'ar ta bi wata hanya saboda rubutu. Tun wajen ƙarni na 11 suka fara zana amo a kan layuka, har ya zama mai tsara kiɗa yana iya zama shi kaɗai ya rubuta abin da mutum sittin ko tamanin za su kaɗa tare, kowa da nasa kason, sau da yawa ba ko kalma ɗaya a ciki. Betoben, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, ya bar dubban shafuka na gwaji inda ake ganin ɗan gajeren rauji yana sauya kama sau da yawa kafin ya yarda da shi. Lokacin da aka fara gabatar da babban kiɗansa na tara a babban birnin Ostiriya a 1824, kunnensa ya riga ya mutu, da ido da ƙwaƙwalwa ya tsara shi. Takarda ta ba su damar gina kiɗa mai hawa-hawa, ta kuma raba mai tsarawa da mai kaɗawa. A ƙasar Hausa mai tsarawa da mai rerawa da ma'ajin waƙar duk mutum ɗaya ne da ƙungiyarsa, murya ce sarauniya, kiɗa na yi mata rakiya. Gwajin da Betoben ya bari a takarda makaɗanmu ma sun yi irinsa, sai dai nasu a iska aka yi shi, ba a ga shafukan ba.

Ko marubuta waƙoƙinmu da kunne suke aiki. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1990, makaho ne tun yana yaro, a ka yake tsara baitocinsa wasu su rubuta. Malaman da suka gabace shi sun fi ɗora waƙoƙinsu a kan ma'aunan Larabci, shi kuwa ya ɗauki karin kiɗan caji, na dandali da nishaɗi, ya zuba masa wa'azi da begen Annabi a waƙarsa ta Imfiraji. Karin da jama'a suka saba rausayawa da shi ne ya ɗauki saƙon ya kai shi ƙofa-ƙofa a bakin almajirai da makafi.

Na'ura ta fara taɓa sana'ar tun zamanin garmaho, lokacin da fuskar faifai ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku, dole makaɗin da ya saba kwana yana waƙa ya zaɓi ɗiya kaɗan. Gidan Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya kai muryar makaɗin Isa ko Maradun kunnen wanda bai taɓa taka ƙasarsu ba, kaset kuma ya sa ɗauka guda ta zama ita ce waƙar a wajen masu sauraro. Babban juyi ya zo ne a shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano tare da finafinan Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan zamani, da yadda waƙar fim ɗin Sangaya ta buɗe ƙofar da ba a sake rufewa ba.

Yau mawaƙi kan zo situdiyo da baitocinsa a littafi ko a waya, ya rera wa mai kiɗa raujin, shi kuma ya gina bugun a fiyano da kwamfuta. Bayan an gama kiɗa a shiga ɗaki a ɗora murya, a ɗauki amshi sau ɗaya a liƙa shi duk inda ake so. An samu riba a nan, kuma ba ƙarama ba. Yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba, da yarinyar da ba za ta iya yawon biki da ƙungiya ba, duk sun samu shiga. Mawaƙan zamani sun kuma ɗauko amsa-amo da tsarin ƙwar biyu da ƙwar biyar daga rubutacciyar waƙa, abin da makaɗan baka ba su damu da shi ba, kuma a hannun irin su Aminu Ala, wanda marubuci ne kafin ya zama mawaƙi, wannan aure ya yi albarka. Tsohuwar hanyar ma ba ta mutu ba: a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa, kuma mawaƙan siyasa na jera sunaye da zuba habaici kamar yadda aka gada.

Inda matsala take shi ne jerin aikin ya juye. Da, kalma ce ke zuwa da raujinta, kiɗa ya bi. Mai kalangu bakin jagora yake kallo, in ya ja shi ma ya ja, in ya tsaya ya cike masa. Bugun kwamfuta ba ya kallon bakin kowa. In kuma raujin aro ne daga fim ɗin Indiya, al'adar da ta girmi situdiyo domin masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya a Kano sun yi ta a waƙoƙin bege, to an ɗinka shi ne a kan wani harshe marar karin sauti irin namu. Sai a tusa masa Hausa da ƙarfi, a gajarta doguwar gaɓa, a ja gajera, a ɗaga inda ya kamata a sauke. Mawaƙin kirki yakan zauna ya yi ta sauya kalmomi har su hau raujin ba tare da sun karye ba, kuma ana jin bambancin. Mai gaggawa kuwa yakan bar na'ura ta gyara murya, ita kuma ba ta san Hausa ba.

Babban abin da situdiyo ta kawar shi ne ɗan amshi a matsayin abokin ƙulli. Mutanen nan su ne kunnen farko da waƙa ke bi kafin ta fita. Su ke cewa wannan layi ya yi tsawo, wannan habaici ya yi kusa da yawa, wannan an taɓa yi wa wani sarki. Su ne kuma makarantar da sabon jagora ke fitowa daga cikinta, kamar yadda Ɗanƙwairo ya fito daga bayan Kurna, 'ya'yansa kuma suka fito daga bayansa. Sunan jagora ake rubutawa a jikin kaset, nasu sai dai a tsinta a littattafan manazarta irin su Gusau, ko a cikin waƙar in jagora ya ambace su. Waɗanda suka yi amshi a bayan Shata da Ɗanƙwairo da Barmani, na raye a cikinsu sun manyanta. Sun san wane ɗa aka fara ƙullawa, wanne aka jefar da dalilin jefar da shi, da wanda aka yi wa wane zambo. Faifan da ke ajiye a gidajen rediyo sun riƙe waƙoƙin yadda aka gama su ne kawai, labarin yadda aka ƙulla su yana bakin waɗannan dattawa, kuma sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna da ɗaliban da za su iya zuwa da na'urar ɗaukar magana su tambaye su.